Kamfanin Siminti, Injin Shinkafa, Majema ko Fadama: Wane Aiki Zai Bar Ka da Lafiyarka?

Ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida bayan sallar isha'i, a unguwar Mabera cikin Sakkwato, watanni kaɗan bayan ya karɓo difilomarsa ta gyaran injina. Ya gaishe ni, ya zauna gefen tabarma, ya ce, "Kawu, wanga lamari ya ɗaure mani kai. An ce za a ɗebi ma'aikata wajen siminti. Wani abokin Baba ya ce in zo in riƙa mashi injin shinkafa. Ga fadamarmu ta Kware babu mai kula da ita. Mi kaka gani?" Kakansa na wajen uba majemi ne, har yanzu baffanninsa suna sana'ar, don haka ita ma jima tana cikin lissafi.

Na yi shekaru ina aikin kiwon lafiya a matakin farko. Ban san yadda ake kunna injin casa ba, amma na san kamannin jikin da ake kawo mana bayan ya yi shekara goma a gindinsa. Ta wannan fuskar na auna masa zaɓin, kuma na san samari da yawa a Sakkwato suna tsaye a wannan mararraba.

Abin da masana'antu suka ba mu, da abin da suka karɓa

Duk wanda ya ce maka masana'antu annoba ce zalla, bai ga kurkunu ba. A 1988 an ƙidaya mutum sama da dubu 650 masu kurkunu a Najeriya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da ita daga ƙasar. Me ya kore ta? Matatar nailan, rijiyar burtsatse, bututu, da simintin da aka ɗaure bakin rijiya da shi. Duk daga masana'anta suka fito. Allurar rigakafi ba za ta rayu a zafin watan Afrilu na Sakkwato ba, lokacin da ma'auni ke haura 40, in ba don firji da ƙanƙara ba. A Meziko gwamnati ta yi wani shiri na daɓe ɗakunan talakawa da siminti, aka iske tsutsar ciki da gudawa da ƙarancin jini sun ragu sosai ga ƙananan yara. Mai rarrafe a kan daɓen siminti da mai rarrafe a kan turɓaya ba abu ɗaya suke kaiwa baki ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya rufe Landan kwana biyar. Ƙidayar farko ta ce mutum dubu 4 suka mutu, bincike na baya ya kai adadin kusan dubu 12, sai a 1956 aka yi dokar tsabtace iska. Mu ma ba sai mun je Ingila ba. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, an riƙa kawo dutsen zinare cikin gida ana niƙawa da injin niƙan hatsi. Dutsen cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka rasu.

Amfanin masana'anta yana watsuwa kan kowa, har wanda bai taɓa ganin ƙofar kamfani ba. Ƙurarta kuwa kan mutane ƙalilan take sauka. Tambayar da ke gabanka ita ce: a ina za ka tsaya, kuma in ƙurar ta sauka a kanka, wa zai biya?

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko kuɗi: nawa za ka zuba kafin ka fara, kuma samun yana zuwa a kan kari ko sai an yi sa'a. Na biyu cutar da ke shiga a hankali, ta hanci da fata da kunne. Wannan ita samari ba su lissafawa, domin ba ta nuna kanta sai an yi aure an haifi 'ya'ya uku. Na uku haɗarin farat ɗaya. Na huɗu, wa ke ɗaukar nauyin magani da diyya. Na biyar ɗorewa, wato shekara nawa jiki da sana'ar za su jure wa juna. Sauƙin shiga na haɗa shi da na farko.

Na huɗun nan ya fi sauran nauyi a wurina, don haka bari in faɗi abin da doka ta tanada. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, NSITF, daga nan ake biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta saboda aiki. Dokar fansho ta 2014 ta ce cikin kowace naira dubu 100 ta albashi, ma'aikaci ya ajiye dubu 8, kamfani ya ƙara dubu 10. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira dubu 70 ne, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Duk waɗannan suna bin wanda sunansa ke cikin rajista. Wanda ake sallama kullum da yamma da kuɗi a hannu, da wuya su iske shi.

Kamfanin siminti

Siminti ba baƙo ba ne a Sakkwato. An kafa kamfanin simintin Arewa a 1962, ya fara aiki a Kalambaina a 1967, yanzu yana hannun BUA, an kuma buɗe sababbin layuka a 2018 da 2022. Shi ne babbar masana'antar jihar, kuma mai difiloma irin ta ɗan ƙanwata yana da abin nunawa a ƙofa, ko da yake masu nema sun ninka gurabe.

Aikin siminti, ko a wace ƙasa, haɗarinsa sananne ne. Ana fasa dutsen farar ƙasa, a niƙa, a gasa a tanderu mai zafin da ya kai wajen digiri 1,450, a sake niƙawa, a ɗura a buhu. Kowane mataki da ƙurarsa. Wadda kake gani tana tashi hanci yana tare mafi yawanta. Mai ɓarna ita ce wadda ido ba ya gani, wadda ta fi silin gashi ƙanƙanta kusan sau talatin, ita ke wucewa har ƙasan huhu. Sakamakonta tari mai naci, shaƙewar ƙirji, da ƙarfin numfashi da ke raguwa shekara bayan shekara. Ga ƙarar injinan niƙa. Ma'aunin da masana suka sa shi ne desibel 85 na awa takwas, amma ga awo mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu biyu da kai ya ji ka, kunnenka yana cutuwa. Ga aikin dare da ke rikita barci, ga manyan motoci da bel masu juyawa.

Amma a nan ne dole in raba aikin gida biyu, domin mutane suna cewa "yana aiki a siminti" alhali abubuwa biyu ne mabambanta.

Akwai ma'aikacin dindindin mai takardar kama aiki. A babbar masana'anta irinsa yakan samu hular kwano, takalmin aiki, takunkumi, abin toshe kunne, asibitin da ake tura shi da iyalinsa, fansho, da hutu. In yana ɗakin sarrafa injina ko sashen lantarki, ƙurar da yake shaƙa a wuni ba ta kai ta wanda ke tuƙa kabu-kabu a hanyar Kalambaina ba. Albashin da ke zuwa ƙarshen kowane wata shi kansa magani ne: matarsa za ta je awo, yaro in ya yi zazzaɓi a kai shi asibiti a daren, ba sai an jira an sayar da akuya ba.

Akwai kuma lebura da ɗan dako, wanda ɗan kwangila ko mai shago ya ɗauka. Na taɓa duba wani a asibitinmu, yana sauke siminti daga tirela a wani shagon sari cikin gari. Shekarunsa ba su wuce talatin ba. Ya cire riga, sai ga kafaɗarsa ta dama da gefen wuya sun saɓule, fatar ta yi fari-fari ta tsattsage, tafin hannunsa kamar busasshen tabki. Siminti in ya haɗu da gumi yana ƙuna kamar ruwan toka mai ƙarfi, sannan akwai sinadarin kuromiyam a cikinsa da ke sa ƙaiƙayin fata wanda in ya kama mutum ba ya sakinsa. Na ce ya huta mako biyu. Ya dube ni ya ce, "Malam, in na huta mi za mu ci?" Buhu mai kilo 50 yake ɗauka, ana biyansa bisa yawan buhu, ba shi da takarda ko ɗaya. Har yau in na ga tirelar siminti ana saukewa, kafaɗar nan nake tunawa.

Wani bincike da masana tattalin arziki Chris Blattman da Stefan Dercon suka yi a Habasha ya dace da wannan magana. Sun bi mutum kusan dubu masu neman ƙaramin aiki a kamfanoni biyar. Wasu aka ba su aikin, wasu aka ba su jarin dala 300 da ɗan horo, wasu aka bar su. Bayan shekara ɗaya, kusan kashi 77 cikin 100 na waɗanda suka kama aikin sun bar shi, samunsu bai fi na sauran ba, kuma masu kukan rashin lafiya mai tsanani a cikinsu sun ninka. Bayan shekara biyar bambancin ya kusa shafewa. Aikin masana'anta na ƙasa-ƙasa, wanda ba ya buƙatar ƙwarewa, ba tsani ba ne kamar yadda ake zato.

Injin casar shinkafa

Wannan shi ya fi sauƙin shiga, musamman in mai injin ya san mahaifinka. Ba ka zuba jari, kana koyon ciniki, kuma in Allah ya buɗa wata rana ka kafa naka. Samun yana bin kaka: in shanshera ta shigo aiki har dare, in ta yanke a zauna.

Matsalarsa ita ce ya ɗauko haɗarin babbar masana'anta ya baro kariyarta. Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, ƙurarsa kaifi gare ta, tana cin ido da maƙogwaro, mai asma kuwa ba ya daɗewa a wurin. Injin dizal yana cikin rumfa ɗaya da mutane, hayaƙinsa da ƙararsa duk a kansu. Sai bel. Yawancin ƙananan injina bel ɗinsu tsirara yake, ba murfi, ga mu da son doguwar riga mai faɗin hannu. Yatsun da na ɗaure wa bandeji saboda bel sun fi waɗanda na ɗaure saboda wuƙa. In abin ya faru, mai injin in mutumin kirki ne ya kai ka asibiti ya biya na farko, sauran sai dangi.

Abu ɗaya da ke gare shi mai kyau: gyaransa yana hannun mutum ɗaya. Murfin ƙarfe a kan bel, fitar da bututun hayaƙi waje, buɗe tagogi ta gefen da iska ke fita, takunkumi na N95 maimakon ƙyalle ko rawani, abin toshe kunne. Ba su kai kuɗin buhunan shinkafa kaɗan ba. Wanda ya karanci injina zai iya yin rabinsu da hannunsa cikin mako guda, in mai wurin ya yarda.

Jima

Fatar jan akuyar Sakkwato ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, saboda a da ta can fatake ke bi da ita. Jimar gargajiya da toka da bagaruwa ake yin ta, kuma bagaruwa ba ta da gubar da kuromiyam na manyan majemun zamani ke da ita. Wanda ya san unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa a Kano ya san abin da ruwan jimar zamani ke yi wa rafi da rijiya. Ta gargajiya nata haɗarin shi ne hannu cikin ruwan toka kullum, ciwon baya, da cutar antaraks da ake ɗauka daga fatar dabbar da ta mutu da ita. A 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja, saboda haka ba tsohon labari ba ne. Safar hannu ta roba da dogon takalmi suna rage mafi yawan wannan. Jarin kaɗan ne ga ɗan gado. Kasuwar ce ta yi rauni, ɗanyar fata ana kwashe ta zuwa Kano, kirgi kuma masu ganda suna rige majemi.

Fadama

Mutane suna ɗauka manomi ya tsira daga masana'antu. Bai tsira ba, su suka biyo shi gona. Injin ban ruwa, fetur, takin zamani, maganin ciyawa, maganin ƙwari: babu noman rani yanzu sai da su. Da su ne albasa da tafarnuwa da shinkafar Kware da Wurno da Goronyo suka kai inda suka kai, kuma madatsar Goronyo da aka gama a 1984 ita ma aikin injina da siminti ce.

Iskar fadama ta fi ta kowane zaɓi a nan tsabta, jiki yana motsi, abinci yana gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ku tsaya ku kalli mai feshi da hantsi: singileti, wando a naɗe, ƙafa ba takalmi, tankin yana ɗiga a bayansa, iska tana maido masa da feshin a fuska. Wani da baki yake busa kan bututun in ya toshe. Galan ɗin maganin kuma in ya ƙare a ɗauraye a zuba ruwan sha. Maganin ciyawa na farakwat ba shi da makari, in ya shiga ciki huhu yake ci. Magungunan ƙwari irin su Sniper suna shiga ta fata, alamarsu dalalar miyau, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke. A gona babu jami'in da zai ce maka sa takunkumi.

Sai tsoffin abokan gaba: sauro, tsargiya ga mai tsayawa cikin ruwa, kububuwa lokacin girbi, wadda allurar makarinta ke da tsada. Zafin rana ba tare da isasshen ruwan sha ba yana wahalar da ƙoda. Ta fuskar kuɗi, fadama ce ke cin jari mafi yawa, kuma ita ce ba ta da tabbas. Albasa ta yi araha a kaka, a zuba a rudu ana jiran tsada, wani kaso ya ruɓe. Ambaliya irin ta 2010, wadda ta yanke gadar hanyar jami'a, tana shafe aikin shekara a dare ɗaya. A gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, 'yan bindiga sun mai da zuwa gona kansa haɗari.

| Zaɓi | Jari da shiga | Samu | Cuta a hankali | Haɗarin farat ɗaya | Wa ke biyan magani | Ɗorewa |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Siminti, dindindin | Ba jari, shiga da wuya | A kan kari | Ƙura, ƙara, aikin dare, da kariya | Injina, motoci | Kamfani, inshora | Har ritaya |
| Siminti, dako | Ba jari, shiga da sauƙi | Na yini | Ƙura, ƙunar fata, baya | Faɗuwa, mota | Kai | Shekaru kaɗan |
| Injin shinkafa | Ba jari, da sauƙi | Bin kaka | Ɓuntu, hayaƙi, kurumta | Bel | Sai halin mai injin | Matsakaici |
| Jima | Kaɗan ga ɗan gado | Ƙanƙane | Fata, baya | Antaraks | Kai da dangi | Jiki na jurewa, kasuwa na rawa |
| Fadama | Mai yawa | Babba ko babu | Feshi, tsargiya, zafi | Maciji, ambaliya, tsaro | Kai | Muddin ƙasar na nan |

Wa ya dace da wanne

Mai takardar ƙwarewa, lantarki ko injina ko awon sinadarai, wanda aka yi wa tayin aikin dindindin a babbar masana'anta, ya karɓa. Ta fuskar lafiyarsa da ta iyalinsa, a lissafina babu wanda ya kai shi cikin waɗannan. Kafin ya sa hannu ya yi tambaya uku: sunana zai shiga rajistar kamfani ko ta ɗan kwangila? Wane sashe za a kai ni? Wane asibiti ake tura ma'aikata, kuma ana auna huhu da kunne lokacin kama aiki? Awon farkon nan shi ne shaidarsa in wani abu ya taso bayan shekara goma. In zai kama haya kusa da wurin aiki, ya lura da inda iskar hunturu ke kai ƙura, ya zauna ta ɗaya gefen, saboda huhun jariri bai kai nasa ƙwari ba.

Mai asma, ko wanda ya taɓa yin tarin fuka, ya nisanci siminti da injin shinkafa gaba ɗaya, ko nawa za a ba shi. Fadama ta fi masa, ya ba wani feshin ko ya yi shi da cikakkiyar kariya, da sassafe kafin iska ta tashi.

Wanda yunwa ta kai ga dakon siminti, ba zan ce masa ya bari ba, domin na san amsar da zai ba ni. Ya ɗauke shi aikin watanni, ya sa wa kansa ranar fita. Ya sa riga mai kauri da leda a kafaɗa, ya wanke jiki da ruwa mai yawa da zarar an tashi, kada ya shiga cikin yara da kayan aikin. Ya yi adashi, ya nemi shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, SOCHEMA, tun yana da ƙarfinsa.

Mai burin ya tsaya da ƙafarsa, wanda ke da kan ciniki, injin shinkafa makaranta ce mai kyau, bisa sharaɗin a rufe bel a fitar da hayaƙi kafin ya fara. In mai injin ya ƙi wannan tun ana ganin ido, ya san abin da zai tarar ranar da hannu ya shiga.

Jima ta ɗan gado ce wanda zai haɗa ta da dukanci ko ya nemo masu saye kai tsaye, kuma ta fi kyau a matsayin sana'a ta biyu.

Mai fadama ta gado a inda ake kwana da ido biyu rufe, da ɗan jarin da ko ya salwanta gida ba zai rushe ba, kada ya sayar da ita don kowane aiki. Haka na gaya wa ɗan ƙanwata: ya kai takardunsa, in dindindin ne ya karɓa, fadamar ya ba ƙanensa su yi noman raba-daidai, ya saya masa dogon takalmi da takunkumi da tankin feshi wanda ba ya yoyo. In kuwa aka ce masa ta hannun ɗan kwangila ne, a wurin ɗura buhu, ya dawo mu je Kware tare mu duba rijiyar kafin lokacin dashen albasa.